Yadda Ake Cin Ribar Digirin Fisiyoloji Ba Tare da Umma Ta Gane Ba

Barka da kammala karatu, ɗan'uwa. Ka karɓi kwalinka, an yi maka hoto da hular nan mai igiya, ka dawo gida. Yanzu kana kwance a kan katifar da ka bari tun kana sakandare, kana jan tallace-tallacen aiki a waya, kana neman inda aka rubuta "ana buƙatar mai digirin fisiyoloji". Ajiye wayar nan ka huta. Na riga ka dubawa, babu.

Kada hankalinka ya tashi. Ni da nake maka magana irin kwalinka gare ni, ga shi yau ina da ofishina na ba da shawara, benci ne mai kyau a inuwar shagon mai fotokofi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan a jere ba tsallake, digirin nan zai ciyar da kai, ya yi maka aski, ya zaunar da kai a gidan gaba a mota. Tabbas ne. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya dawo yana ƙorafi ba, ko da yake, in don gaskiya ne, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba ma.

Sharaɗin guda ne: mahaifiyarka ta ci gaba da ɗauka kai likita ne. Nan jarin yake gaba ɗaya. Ranar da Umma ta gane, kasuwa ta watse.

Mataki na ɗaya: San hajarka

Ɗan kasuwar da bai san abin da ke cikin buhunsa ba, asara ce ke jiran sa. To bari in tuna maka. Likitanci ka nema. Jami'a ta dubi makinka, ta yi gyaran murya, ta ba ka fisiyoloji, wato ilimin yadda jikin mai rai yake aiki: yadda zuciya ke tura jini, yadda ƙoda ke tace shi, dalilin da ya sa mutum ke haki in ya hau bene. Ka feɗe kwaɗi, ka yi wa ɓeraye allura, an toshe maka hanci an sa ka hura bututu har ka ga jiri. A shekarun farko aji ɗaya kuke da masu karatun likita, har akwai wata jarrabawar ƙoda da ka fi rabinsu maki, kuma za ka ci gaba da ba da wannan labarin har furfura. Daga nan hanya ta rabu. Su aka shigar da su asibiti, kai aka miƙa maka kwali aka yi maka fatan alheri.

Ga bambancin a taƙaice. Mutum ya zo da ciwon kai, likita zai ce masa sha kaza sau kaza. Kai kuwa za ka nemi takarda ka zana masa hanyar da ciwon ya biyo har ya iso kan. Na farkon ake biya. Na biyun ana ce masa "ikon Allah", a tashi a tafi wurin na farkon.

Mataki na biyu: Fita neman aiki don ka cire rai

Wannan matakin ba ya kawo ko sisi, amma dole ne. Goge takalminka, ka sa kwalin a ambulan, ka nufi asibiti mafi girma da ka sani. A ofishin ɗaukar ma'aikata za ka tarar da wata mata mai tabarau a ƙarshen hanci. Za ta juya kwalin gaba da baya, kamar mai neman inda aka rubuta farashi.

"Likita ne kai?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Nas?"

"A'a."

"Gwajin jini fa?"

"Mun yi gwaje-gwaje sosai a makaranta."

"Kana da lasisi?"

"Mu ba a ba mu lasisi."

"To, bawan Allah, me za ka yi wa mara lafiya?"

"Zan iya bayanin abin da ke faruwa a jikinsa."

"Ai shi ma ya sani," in ji ta. "Shi yake jin sa."

Yi mata godiya ka fito. Ƙofofin da suka rage maka ba su da yawa. Kana iya rataya jakar kamfanin magani ka riƙa bin asibitoci kana talla, ka zauna a layi kana jiran ganin wanda ka fi maki a jarrabawar ƙoda. Kana iya komawa jami'a ka yi digiri na biyu da na uku, in da rabo su ɗauke ka ka riƙa yaye wasu irinka. Ita ce kaɗai masana'antar da na sani da take sayen abin da ta ƙera da kanta, kuma 'yan'uwanmu a wahala, 'yan anatomi masu karatun sassan jiki, sun riga sun cika layin. Ko kuma ka yi abin da masu hankali ke yi, ka nemi makarantar kuɗi ka koyar da bayoloji. Zaɓi mai nisa, can ɗaya gefen gari, inda babu ɗan unguwarku ko ɗaya.

Mai makarantar zai ƙara maka kemistiri, da wasannin motsa jiki, da mabuɗin akwatin bandeji, tunda a cewarsa duk jiki ne. Albashin kuwa irin wanda direban motar haya da mai shago suke rabawa tun kafin ka gaisa da shi. Karɓi aikin. Amfaninsa guda ne: za ka riƙa fita da sassafe da farar riga a ninke a hannu, kuma Umma na gani.

Mataki na uku: Kada ka yi ƙarya, bar Kawu ya yi maka

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, saboda haka mutumin kirki ba ya yin ta da bakinsa. Kowane gida yana da Kawu. Naku yayan Umma ne, tsohon direban ma'aikata, wanda ya taɓa ɗaukar manyan mutane a mota, don haka babu ilimin da bai ji ƙanshinsa ba. Shi ya yanke hukuncin tun kana shekarar farko, lokacin da ka zo hutu da hotonka sanye da farar riga.

"Wurin nan da kake, kwalejin likitoci ce ko ba ita ba ce?"

"Ita ce, Kawu, amma..."

"Gawa fa, an nuna muku?"

"An nuna mana, amma..."

"To magana ta ƙare. Ke, ɗanki likita ne."

Ka ga dai ba kai ka faɗa ba. Ka ma yi "amma", ba a saurare ka ba ne.

Daga nan aikin ya koma hannun Umma, kuma ba za ka taɓa samun wakiliyar da ta kai ta ba. Tela ce. Tun rasuwar Babanku keken ɗinkin nan ne ya riƙe karatunka, zango bayan zango. Duk macen da ta zo awo sai ta ji labarin, tef na wuyan Umma, allura na bakinta: "Ɗaga hannu. Dokta ya kusa gamawa. Juya." Ranar da ka dawo ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta kwance shi a gabanka: abin sauraron ƙirji da na'urar awon jini, sababbi fil. Ta ce likita ba ya zama hannu rabbana. Na san a ranar ka buɗe baki za ka yi magana, ka dubi fuskarta, ka rufe. Ka kyauta. Wanda zai ga irin farin cikin nan ya watsa masa ƙasa, ba shi da tausayi, kuma ba shi da kan kasuwanci.

Mataki na huɗu: Fara girbi

Yanzu sai cin riba. Darajar digirin fisiyoloji ba a banki take ba, a unguwa take, kuma ba da takardar kuɗi ake biyan ta ba.

Je wurin mai aski. In ya gama, sa hannu a aljihu a hankali, ka ba shi lokacin da zai ce, "Haba Dokta, raina ni ka yi?" Ciro hannun da sauri kafin ya canza shawara. Mai nama zai ɗora maka gyara. Direba zai sauke wani ya ba ka gidan gaba. A duk taron dangi za a kawo maka kujera mai hannu da faranti mai murfi, alhali ɗan Kawu, wanda ya karanci lissafin kuɗi kuma yake da albashi na gaske, yana can kan benci da yara. Iyayen 'yan mata za su fara amsa gaisuwarka da tsayi, har su tambayi lafiyar Umma sau biyu.

In ka haɗa askin da naman da kujerar, za ka ga sun fi albashin makarantar auki. Na taɓa fara wannan lissafin, sai na ji tausayin albashin na bari.

Sai dai fa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai askin nan, kafin ya cire maka ƙyalle, zai juya maka ƙeyarsa ya ce ka taɓa wani ƙullutu. Mai nama zai naɗe wando ya nuna maka gwiwa a gaban kowa. Za a tare ka a hanya da sakamakon gwaji, da hoton ƙirji, da jariri. Kada ka gudu, akwai yadda ake yi.

Mataki na biyar: Duba mara lafiya ba tare da ka yi masa komai ba

Fara da shiru. Ja fatar idonsa ƙasa ka leƙa. Kama wuyan hannunsa ka dubi agogo. Wannan kam ka iya da gaske, kada ka ji nauyi. Ce "uhm". Saki kalma ɗaya doguwa daga cikin waɗanda ka haddace, ka bar ta ta yi aikinta. Sannan ka ce ya sha ruwa da yawa, ko ya rage gishiri, ko ya samu hutu. Rufe da "in bai sake ka ba, ka je asibiti a duba sosai". Ba a taɓa kai mutum kotu a kan ruwa da hutu ba.

Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne rubuta magani. Wannan iyaka ce, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Yi yawo da biron da ya ƙafe. In an matsa maka, gwada shi a tafin hannu, ka yi tsaki, ka ce kayan yanzu ba su da aminci.

Ƙarin hikima, kyauta: in wanda ka duba ya warke, kai ne. In bai warke ba, bai sha ruwan yadda ka ce ba.

Mataki na shida: Toshe bakin Yaya

A kowane gida akwai mutum ɗaya da yake karanta takarda har ƙasa. A naku Yaya ce, babbar 'yar Umma, wadda take aure can gaba kaɗan, take zuwa duk ƙarshen mako ta ga abin da aka ɓata a bayanta. Ita ta sauke kwalinka daga bango za ta goge, ta tsaya ta karanta.

"Doktan kwaɗi," za ta ce maka a ƙofar kicin, murya ƙasa-ƙasa. "Yaushe za ka faɗa mata?"

"Yaya, ai ban taɓa cewa ni likita ne ba."

"Ka taɓa cewa ba shi ba ne?"

Kada ka amsa, tambayar mugunta ce. Yaya ba za ta tona ka ba, don ita ma tsoron fuskar Umma take yi, so take wani ya ɗauki laifin. Riƙa saya mata katin waya, ka ɗaukar mata jaka zuwa bakin titi, ka yaba girkinta ko gishiri ya yi yawa. Wannan kuɗin shiga kasuwa ne, kowace sana'a tana da nata.

Amma akwai ranar da za ta ture katin wayar, ta ja ka gefe.

"Ka san Umma ta daina zuwa asibitin hawan jininta?"

"Ta ce layi ne ya yi yawa."

"Ta ce tana da likita a gida. Da kunnena na ji tana gaya wa maƙwabciya. Kai ne likitan, ko akwai wani da ban sani ba?"

Ce mata kana lura da abin. Gaskiya ce kuwa, kana lura.

Mataki na bakwai: Auna jinin Umma kullum, ka ce da sauƙi

Umma ta daɗe da hawan jini. Da can duk wata takan je asibiti, a auna ta, likita ya duba ya ƙara ƙwaya ko ya rage. Tunda ka dawo ta ajiye katin. Kowace safiya kafin ka fita za ta zauna a kujerar keken ɗinki, ta naɗe hannun riga, ta miƙo maka hannu tana satar kallon ƙofa ko wata za ta shigo ta gani. Naɗa mata abin, ka matsa, ka saurara. Yi shi da kyau, don a faɗin unguwar nan babu wanda ya fi ka iya wannan awon.

"Yaya yau, Dokta?"

"Da sauƙi, Umma. A dai ƙara rage gishiri."

"Wane gishirin kuma? Na rage har miya ta koma ruwan wanke hannu."

In ƙwayoyinta sun ƙare, ɗauki tsohuwar ledar maganin ka kai kemis a ba ka irinsa. Ba rubuta magani ka yi ba, aiken ka aka yi.

Matsalar ita ce lambar ba ta karanta wannan jagorar ba. Za ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan, yau ta ɗan sauka ta yaudare ka, jibi ta haye inda ta tsaya. Abin haushin kuma, ka san me take nufi. Ka san abin da matsin nan yake yi wa ido, da ƙoda, da ƙananan hanyoyin jini na cikin kai; a kansa ka ci jarrabawa. Kana iya zana shi a allo ɗalibai su tafa maka. Abin da ba ka sani ba shi ne wace ƙwaya za a canza, kuma nawa za a ba ta, don wannan darasin a can ɓangaren da aka rufe maka ƙofa ake koyar da shi. Daga nan naman gyara zai fara tsaya maka a wuya. Daure, ka kora da ruwa.

Mataki na takwas: Tura ta asibiti ta bayan fage

Iya ruwa fidda kai. Ana iya kai Umma asibiti ba tare da an taɓa jari ba, in an san dabara.

Gwada ta doka. "Umma, a ƙa'idar aiki, likita ba ya duba danginsa."

"Wa ya kafa ƙa'idar?"

"Manyan likitoci."

"Su suka haife ka? Su suka taka keke?"

To, gwada ta abokiyar aiki. "Akwai wata ƙwararriya a kan zuciya, ina so ta gan ki."

"Ta fi ka ne?"

Tarko ne, taka a hankali. "Ba wai ta fi ni ba ne..."

"To me zan je yi? In zauna a benci tun safe, a ce ga uwar likita can tana bin layi? So kake a yi da ni a unguwa?"

Kada ka gwada ta Kawu. Zai zo, ya sha shayi, ya ce asibitocin yanzu kuɗi kawai suke nema, sannan ya naɗe hannun riga ya ce ka auna shi shi ma.

Mataki na tara: Riƙe bakinka

A nan ake rarrabe ɗan kasuwa da ɗan koyo.

Wata safiya za ka fito da farar riga a hannu, ka tarar keken ɗinki shiru. Umma na zaune da zare, tana neman kafar allura tana kuskurewa, matar da take zura zare tana hira ba ta ko kallo. Za ta ce ƙeyarta ke sara tun da ta tashi, kuma kamar an turara hayaƙi a ɗakin. Auna ta. Sake aunawa a ɗaya hannun. Lambar da za ka gani, a takardar jarrabawa kaɗai ka taɓa ganin ta, a ƙarƙashin tambayar da amsarta ita ce a kai mutum asibiti yanzu-yanzu.

"Umma, tashi mu tafi asibiti."

"Ina da ɗinkin mutane. Rubuta min wani abu mai ƙarfi a karɓo."

"Ba zan iya ba."

"Biron ne kuma? Ga nawa na awo."

"Umma, don Allah ki tashi."

"Babu inda za ni. In sha wahalar nan in yi likita, sannan in kwashi ƙafa in je wurin ɗan wata?"

Shawarata a nan a bayyane take. Ce na'urar ce ta samu matsala, ka kira Yaya ta zo ta yi faɗa, ka ja lokaci. Tuna da shekarun da matar nan ta yi tana ba da labarinka ga duk wadda ta auna. Magana ɗaya za ta rushe su duka, kuma ba a sake gina irin wannan.

Na san ba za ka bi ba. Na ga irinku da yawa, a nan kuke zubar da komai. Za ka durƙusa a gaban keken, na'urar na rataye a hannunta, ka ce:

"Umma, ni ba likita ba ne."

Za ta dube ka.

"Ba likitanci suka ba ni ba, tun farko. Abin da na karanta daban ne. Ba ni da ikon ba ki magani, ban ma san wanda ya dace ba. Makaranta nake zuwa da safe, yara nake koyarwa. Amma lambar nan na san ta. Tana iya kashe ki yau, ko ta kwantar miki da rabin jiki. Wannan kam wallahi na sani. Ki yi min duk abin da za ki yi min, amma a mota."

Ba za ta yi kuka ba, ba za ta yi faɗa ba, kuma da ta yi ɗayansu da ka fi samun sauƙi. Za ta zare abin daga hannunta da kanta, ta ninke shi, ta ajiye a kan keken. Sannan ta ce, "Miƙo min mayafina. Katin yana cikin gwangwanin maɓallai."

Mataki na goma: Kwashe abin da ya saura

A asibiti tsaya inda ake tsayar da dangin mara lafiya, wato a kan hanya, kowa na ce maka matsa. Za a kwantar da ita, a yi mata allura ta jijiya, a riƙa zuwa ana aunawa. Yaya za ta iso tana haki, ta dubi fuskarka, ta gane, ta yi shiru, kuma wannan shi ne alheri mafi girma da ta taɓa yi maka. Can da rana lambar za ta fara sauka.

Likitar da za ta zo yarinya ce, da ƙyar in ta girme ka. Za ta buɗe katin, ta ga rabon Umma da zuwa, ta ɗaure fuska.

"Mama, me ya hana ki zuwa duk watannin nan? Wa ya ce ki zauna a gida? Saura ƙiris fa ya rage."

Kana tsaye a ƙafar gado. Buɗe baki, tunda dama yau ranar zubar da jari ce. Umma za ta riga ka.

"Ƙyuya ce, 'yata, da taurin kai irin na tsufa. Yaron nan kullum sai ya ce in zo. Yau ma shi ya taso ni."

Likitar za ta ce maka ka kyauta, ta wuce gado na gaba. Nemi bango ka jingina. Ni kaina da nake ba da shawara ba tare da jin komai ba, wannan wurin yana taɓa ni, kuma ba na son sa.

Da yamma, Yaya ta fita karɓo magani, ɗakin ya yi shiru, Umma za ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Auta."

Rabonka da jin sunan nan tun kafin ka shiga jami'a. Matsa kusa.

"To shekarun nan da na yi ina taka keke, me suka koya maka?"

Ban tanadar maka dabara a nan ba. Kama yatsunta biyu ka ɗora a wuyan hannunta, ka bar ta ta ji abin da ke bugawa. Gaya mata daga ina yake tasowa, ɗakuna nawa zuciya take da su, yadda ƙofofinta ke buɗewa su rufe ba sa barin jini ya koma baya, yadda yake zuwa huhu ya sha iska. Yi a hankali. Za ta saurara idonta a rufe, har ka ɗauka barci ya kwashe ta.

"Akwai mai biyan mutum don ya san wannan?"

"Ba sosai ba, Umma."

"Uhm." Za ta buɗe ido ta dube ka. "To ni dai na riga na biya. Ci gaba. Daga huhun sai ina?"

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Ba shi ya zaɓa maka karatu ba, ba shi ya ce ka durƙusa ba, kuma ba ruwansa da abin da unguwa za ta ce gobe, ko da yadda Umma za ta ɗaga kai ta dubi masu kawo mata ɗinki. Ba a mayar da kuɗin makaranta, ba a mayar da shekaru. Wanda ya karya mataki na tara shi ya jiyo, kada ya zo min da kuka. Amsar tambayar Umma kuwa ba ta cikin wannan jagora. Kai ka karanta, kai za ka ba ta, kuma tana jira.